Hasumiyar Gobarau da Masallacin da Damina Ta Cinye

A tsakiyar tsohon birnin Katsina, ba nisa da fadar Sarki wadda ake kira Gidan Korau, akwai dogon gini na jar ƙasa mai tsawon kimanin mita 15, wanda ake buga hotonsa duk inda ake son a nuna Katsina da Katsinawa. Wannan ita ce Hasumiyar Gobarau, kuma yawancin masu zuwa kallonta suna ɗaukarta a kan gini mai zaman kansa, alhali kuwa ɓangare guda ce ta babban masallacin Juma'a wanda ya tara mutanen birnin fiye da shekara 300, ya kuma kasance matattarar malamai da masu neman ilimi, kafin a ƙaurace masa a farkon ƙarni na 19. Ɗakin salla da ginshiƙansa da rufinsa da mihirabi, wato lungun da liman ke tsayawa a bangon alƙibla, duk sun narke sun koma ƙasar da aka haƙo su daga cikinta, sai hasumiyar kaɗai ta tsira, ita ma ba don ƙarfin kanta kaɗai ba, har da don an yi ta kai mata ɗauki.

Ƙasashen Turai suna da kangaye masu kama da wannan, su ne gidajen ruhubanawa, wato malaman Kirista da suke keɓe kansu daga aure da harkar duniya su zauna wuri guda ƙarƙashin shugaba ɗaya, suna ibada da noma da kwafar littattafai. Ɗaya daga cikin mafiya shahara shi ne na Fountains a arewacin Ingila, wanda aka kafa a 1132, aka kuma rufe a 1539 lokacin da Sarki Henri na Takwas ya ƙwace irin waɗannan gidaje sama da 800 tsakanin 1536 da 1540, aka kwashe darmar rufinsu aka sayar, aka bar bangaye a sarari. Doguwar hasumiyar wannan gida, mai tsawon kusan mita 50, an gina ta ne wajen shekarar 1500, wato sa'ar Gobarau ce ko kusa da haka, kuma tana nan tsaye har yau. Amma da yake da dutse aka yi ta, dutsen da mai ziyara yake taɓawa a yau shi ne wanda magini ya ɗora shekara 500 da suka wuce, ko da kuwa an yi ƙarnoni babu mai kula da wurin. Ginin ƙasa ba ya samun wannan alfarma, domin idan aka daina yi masa yaɓe, damina takan yi ta cinsa har ta mayar da shi tudun da yara ke wasa a kai. Saboda haka duk ginin ƙasa da ya kai ƙarnoni yana tsaye, shaida ne cewa an yi ta samun mutane, tsara bayan tsara, da suka ga ya cancanci su ɗebo ƙasa su kwaɓa dominsa.

Ruwayar Katsinawa ta danganta ginin masallacin da Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina na farko da ya yi mulki a kan Musulunci, bayan ya kawar da Sanau, na ƙarshen sarakunan Durɓawa. Inda ake saɓani shi ne zamanin da Korau ya rayu. Tsofaffin jerin sunayen sarakuna, waɗanda aka buga a zamanin Turawa, sun sa shi a ƙarni na 14, kuma daga nan ne aka samo shekarun 1348 zuwa 1398 da ake yawan ambata, yayin da masana tarihi na baya, irin su Yusufu Bala Usman a littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883 wanda aka buga a 1981, suka mayar da shi rabin ƙarshe na ƙarni na 15. Ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi, ko don dalili guda, wato ita kanta ruwayar tana ambaton Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Magili cikin labarin ginin, shi kuwa wannan malami, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, bai iso ƙasar Hausa ba sai wajen 1492, inda ya zauna a Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan sha'anin mulki, ya zo Katsina, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Ba zai yiwu a riƙe shekarar 1348 a hannu guda a kuma riƙe al-Magili a ɗayan ba, sai dai idan an ce ya tarar da tsohon masallaci ne aka sabunta a gabansa.

Labarin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne na gardamar alƙibla. An ce da aka zo aza harsashi sai malamai suka kasa daidaitawa kan inda masallacin zai fuskanta, har wani malami mai suna Jodoma ya fusata ya nuna wata kusurwa da sandarsa, jama'a suka ɗaga ido suka hango Ka'aba, aka kuma ce daga baya hassada ta sa ya bar birnin ya koma Guga, a yankin Bakori na yanzu. Ko mai karatu ya karɓi karamar ko bai karɓa ba, gardamar da ke ƙarƙashinta ta gaske ce. Bahaushe yana kiran alƙibla gabas, amma wanda yake Katsina idan zai fuskanci Makka daidai sai ya karkata daga mafitar rana zuwa arewa da kimanin digiri 20, ita kuma mafitar ranar tana gusawa tsakanin rani da damina, don haka tsayar da alƙiblar masallacin Juma'a a wancan zamani aiki ne na masu sanin taurari da lissafi, kuma wanda maganarsa ta yi rinjaye a ranar ya zama shi ne malamin gari.

Siffar hasumiyar a yau mai sauƙin ganewa ce: hawa uku ne masu kusurwa huɗu, kowanne ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, da matakala da ke kai mutum sama, da 'yan ƙananan tagogi da ake leƙen gari ta cikinsu. Daga can ne ladan yake kiran salla a zamanin da babu lasifika, kuma da yake babu ginin da ya kai ta tsawo a birnin, an riƙa amfani da ita wajen tsinkayo ƙurar mahara tun kafin su iso ganuwa, abin da ba ƙaramin amfani ba ne ga garin da ya sha gwabzawa da Kano da Gobir da Kwararrafa. Wannan tsari na faɗi a ƙasa da tsukewa a sama larura ce ta kayan aikin kafin ya zama ado, domin busasshiyar ƙasa tana jure nauyin da ke danna ta daga sama, amma ba ta jure abin da ke janta ko tura ta gefe, saboda haka magini yake tara nauyi a gindi ya riƙa rage shi yana hawa.

Kayan da aka yi aikin da su su ne waɗanda maginan Hausa suka gada. Ana haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa tare da yankakkiyar ciyawa, a bar ta kwanaki ta ruɓa ta yi danƙo, sannan a cura tubali da hannu, ba da akwatin bulo ba, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana har ya bushe ƙarau. Wajen gini, magini yana zaune bisa bango, yaransa na jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana jera su tsini sama, yana maka kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsakaninsu har ta cike kowane gurbi, kuma ba ya ɗora sabon jeri sai na ƙasa ya sha iska, shi ya sa babban gini yake cin rani fiye da ɗaya. Inda ake bukatar rufi ko dokin ƙofa ko abin da zai ɗaure bango, sai a kawo azara, wato tsagaggen gangar giginya, musamman namijinta, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, kuma wannan iyaka ce ta tsara kamannin tsofaffin masallatan ƙasa na Afirka ta Yamma, inda ake samun ginshiƙai masu kauri jere kusa da juna, sahu ɗaya ko biyu a tsakaninsu. Bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ake ɗaurawa da azara su haɗu a sama su buɗe fili mai faɗi, sun kai matuƙa ne a Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, don haka abin da ya fi kusa da hankali shi ne ɗakin sallar Gobarau ya fi kama da na Agadas da Tumbuktu, mai shimfiɗaɗɗen rufi da tarin ginshiƙai.

Abin da ke raba ginin da zai daɗe da wanda zai zube shi ne fatar da aka rufe shi da ita. Mafi sauƙi shi ne yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da shi, ya ba bango duhun ja da santsin da ruwa ke zamewa a kai. Mafi inganci kuwa shi ne laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar marina wanda ake kwashewa a ƙona a daka, da gashin jima da ake samu wurin majema, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi, a shafe rufi da kawunan bango da shi, a kuma dasa indararo mai tsawo don ya jefa ruwan sama nesa da gindin gini. Ko lason ma 'yan shekaru yake yi a sake shi. Wannan haɗi yana nuna cewa babban gini a birnin Hausa ya dogara ne da sauran sana'o'in garin, domin sai marina suna rini ake samun katsi, sai majema suna jima ake samun gashi, kuma Katsina ta wancan zamani tana da su duka a wadace. Duk garin da marinarsa ta mutu, maginansa sun rasa rabin kayan aikinsu ko da ƙwarewarsu tana nan.

Ana yawan faɗin cewa asalin hasumiyar ya ninka na yanzu sau da yawa, wasu ma kan ce ta haura mita 100. Cewa ta fi haka tsawo a da abu ne mai yiwuwa ƙwarai, tunda ta yi shekaru tana zaizayewa daga sama kafin a gyara ta, amma mita 100 ya wuce abin da ɗanyen tubali zai ɗauka. Hasumiyar Agadas, wadda ake lissafawa a kan mafi tsawo cikin irinta a duniya, mita 27 ce, an kuma soke ta da itatuwa da suka fito waje ta kowane gefe, suna ɗaure ginin suna kuma zama matakin masu yaɓe, ita ma ɗin da aka fara ginawa wajen 1515 sai da aka sake ta a 1844. Darajar Gobarau ba ta bukatar ƙarin gishiri.

Haka nan ake kiran wurin jami'a, har a haɗa shi da Sankore ta Tumbuktu, kuma maganar tana da gaskiya matuƙar ba a ɗauka cewa akwai ajujuwa da shugaban makaranta da takardar kammalawa ba. Karatu a lokacin tsakanin malami da ɗalibi yake, a zauren gidan malam ko a wani sashe na masallaci, ɗalibi ya buɗe littafi ya karanta, malam ya fassara ya warware, idan ya sauke littafin malam ya ba shi ijaza, wato izinin karantar da shi tare da jerin malaman da aka karɓo shi daga gare su har zuwa mawallafi. Littattafan su ne na mazhabar Malikiyya da har yau ake karantawa a zaurukan Kano da Kumasi da unguwar Nima ta Accra, irin su Risala da Muhtasar da Muwaɗɗa da Ashafa. Mutanen da suka zauna a Katsina a ƙarnonin da masallacin yake raye su ne hujjar matsayinsa. Shehu Jalaluddini as-Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim a cikinta. Muhammadu bin Ahmad at-Tazahti, wanda Katsinawa ke kira Ɗan Takum, ya yi karatu a Masar da Hijaz, ya zauna Katsina ya zama alƙalinta har ya rasu wajen 1529, kuma Ahmad Baba na Tumbuktu ya kawo tarihinsa cikin littafinsa na rayuwar malaman Malikiyya, tare da na Mahlufu al-Bilbali wanda shi ma ya karantar a Kano da Katsina. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Sanwai a 1591, fatauci da ilimi suka ƙara karkatowa gabas, sai ƙarni na 17 ya fito da 'yan ƙasa irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667 ya kuma yi sharhin Ishiriniya, unguwar Masanawa tana ɗauke da sunansa har yau. A ƙarni na 18 kuma aka yi Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, wato gidajen da jimillar kowane layinsu take zama ɗaya ta kowace fuska, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Mutuwar masallacin ta zo ne da jihadi. Wajen 1807 mutanen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka ci Katsina, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa har ya kafu a Maraɗi, Malam Ummarun Dallaje ya zama Sarki ya yi mulki zuwa 1835, kuma a zamaninsa aka gina sabon masallacin Juma'a aka mayar da salla can. Babu bukatar a ɗaga gatari a kan tsohon, domin daga ranar da Juma'a ta tashi daga wurin, gayyar yaɓe ta tashi tare da ita. Yadda irin wannan gini yake mutuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa ganin gidan gado da aka rufe: indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a rufi ya sami kafa, kan azara ya ruɓe a cikin bango, rufi ya rufta a wata marka ta watan Agusta, daga nan ruwa ya riƙa cin bangaye ta sama da ta gindi, maƙwabta kuma su ɗebi ƙasar su yi nasu gyaran. Hasumiya ta fi jurewa ne saboda yawancinta curi ne na ƙasa, ba ta da faffaɗan rufin da zai tara ruwa. Irin haka ta faru a Jenne ta ƙasar Mali, inda Shehu Ahmadu na Masina ya gina sabon masallaci a shekarun 1830 ya bar tsohon ya zube, sai a 1907 aka tayar da wanda ake gani yanzu, wanda mutanen garin suke fita kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi kowace shekara. Ita kuwa Katsina, ban da ƙaurar Juma'a, garin ne ma ya ragu, saboda yaƙe-yaƙe da Maraɗi da komawar fatauci Kano, har Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, a cikin ganuwar da yake ganin ta taɓa ɗaukar 100,000.

Sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka tara magina suka tayar da abin da ya saura na hasumiyar, kuma siffar da aka sani yanzu ta samo asali ne daga wannan gyara da waɗanda suka biyo bayansa. Daga baya gwamnatin tarayya ta sa ta cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, kulawarta ta koma hannun hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya. Wannan yana nufin fatar da ake gani ta ƙarni na 20 ce ko ma ta bayansa, tsohuwar ƙasar tana can ciki, abin da ya tabbata tun zamanin farko kuwa shi ne wurin da aka kafa ta da sunanta da fasahar da ake sabunta ta da ita.

Hausawan zangunan Ghana ba baƙi ba ne ga wannan labari. Hanyar fataucin goro ta haɗa Katsina da Kano da Salaga tun kafin zuwan Turawa, kuma Malam Idirisu Naino, wanda ake danganta asalinsa da Katsina, yana cikin waɗanda suka kafa zangon farko a Accra, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango, maƙwabciyar Abossey Okai, a farkon ƙarni na 20. Dattawan Accra sun ga ƙaurar babban masallaci da idonsu, domin bayan rushe wanda ke kusa da kasuwar Makola a zamanin mulkin soja na Jerry Rawlings, na Abossey Okai ne ya zama babban masallacin birnin, sannan a 2021 aka buɗe Masallacin Ƙasa a Kanda, daf da Nima, wanda Turkawa suka gina bisa salon Usmaniyya. Amma darasin da ya fi shafar Gobarau yana arewacin ƙasar ne, a Larabanga kusa da Damongo, inda akwai tsohon masallacin ƙasa da ruwaya ke kai asalinsa 1421. A shekarun 1970 an shafe shi da siminti da niyyar a huta da yaɓen kowace shekara, sai simintin ya kulle danshi a cikin bango, itatuwan ciki suka ruɓe, gara ta samu wurin zama, har wani sashe ya faɗi bayan guguwa. Da ƙungiyar World Monuments Fund ta sa shi cikin jerin gine-ginen da ke cikin haɗari a 2002, babban aikin da aka yi shi ne ɓamɓare simintin gaba ɗaya da komawa yaɓen ƙasa a hannun maginan garin. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani, duk abin da ya toshe masa wannan hanya kuwa yana kashe shi ne daga ciki alhali fuskarsa tana nan sumul.

Saboda haka abin da Gobarau take bukata daga hukumar gidajen tarihi da gwamnatin Jihar Katsina da masarauta ba kwangilar gyara ba ce ta sau ɗaya a shekara ashirin. A ware mata kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, a yi aikin da rani kafin ruwan farko ya sauka, a damƙa shi ga Sarkin Magina da mutanensa tare da sharaɗin su koya wa matasa curin tubali da haɗin laso, kuma kada a bari buhun siminti ko ɗaya ya kusanci bangonta.